Na canza wa makaho ƙarshen fim ɗin kaboyi

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, kuma ka rubuta yadda ka ji a muryar da na turo maka, kada ka gyara mini Hausa. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san zagi ya kawo to ya riƙe kayansa, na haifi wanda ya girme shi.

Ni tsohuwa ce, na haura saba'in, shekarata huɗu a nan ƙasar waje, garin Greensboro, wajen ɗana na fari, muna zaune a unguwar Glenwood kusa da jami'ar da yake koyarwa. Ban taɓa shiga aji ba kuma ban ji kunyar faɗa ba. Abin da Allah ya ba ni baki ne. A Gusau na tashi, gidanmu bango ɗaya da silima, irin ta da wadda ba rufi, daga saman soron kakata ana hango allon tas. Tun ina 'yar talla nake kallon kaboyi daga can, da safe in shiga gidajen matan aure suna surfe ina ba su labari, in yi musu tafiyar doki da baki, in yi muryar bos, har tuwo ya taɓa ƙonewa a gida biyu saboda ni. Ba na jin yarensu, amma fuska da bindiga ba sa neman tafinta. Na faɗi wannan ne don ku san ba jiya na fara ba.

A garin nan akwai wani dattijo, zan ce da shi Alhaji Direba don babbar mota ya ja a ƙuruciyarsa. Yana wajen ɗansa Injiniya a unguwar Irving Park, cikin gidajen nan da sai ka gaji da tafiya kafin ka kai ƙofa. Ciwon suga ya cinye masa ido, ko hasken taga ba ya gani. Kullum aka taru sai ya ɗauko zancen wani fim ɗin kaboyi na Italiya da ya fara kalla yana saurayi, ana tsakiyar kallo ruwan sama ya sauko aka kashe inji kowa ya watse, washegari ya yi lodin gyaɗa zuwa Ikko, kafin ya dawo an ɗauke fim ɗin. Tun daga ranar bai san yadda aka ƙare ba. Abin da ya riƙe kawai, an kashe wa yaron fim ƙaninsa, shi kuma ya koma haƙar rijiya, kuma daidai inda ya tono bindigarsa daga ƙasa ruwan ya tsinke.

To ɗana shi ne sarkin son irin waɗannan finafinai, shi ya yi ta bincike har ya gano fim ɗin. Aka sa rana, Asabar bayan azahar, aka taru a falon Injiniya, malamai da ɗalibai da matansu, aka yi waina da miyar taushe. Fim ɗin da Italiyanci yake, Turanci kuma a rubuce a ƙasa, yaran da suka fara yi wa Alhaji fassara sai karanta rubutu suke kamar masu karanta wasiƙa. Ya ce a'a, a kira mini Hajiya ta zauna kusa da ni, ita ce za ta zama idona. Na ja kujera na zauna.

Jama'a, na kalli kaboyi sun fi gashin kaina, ban taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba. Yaron fim siriri kamar ya tashi daga jinya, ba doki mai kyau, ba hula ta kirki, ko daji babu sai taɓo. Mutum ya shiga rami yana haƙa, mu muna zaune muna kallon bokiti yana hawa yana sauka. A nuna ƙuda a kan kofi har ka ƙirga ƙafafunsa. Kiɗan kuwa kamar mace na kuka a bayan ɗaki. Duk da haka na yi aikina, inda fim ya yi sanyi na sa masa gishiri, Alhaji na ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, na tuna wannan, ci gaba Hajiya. Da aka zo inda ya tono bindiga sai ya kama hannun kujera, ya ce to daga nan ne ban sani ba.

Ƙarshen nan shi ne masifar. Bos ɗin da ya kashe masa ƙani ya zo bakin rijiya, suka tsaya ido cikin ido. Yaro ya zaro bindiga, na ce yau ake yinta. Sai ɗan banzan nan ya miƙa hannu ya sake ta cikin rijiyar da ya haƙa. Bos ya harbe shi ya faɗi. Mutanen gari suka fito da bokitai suna tsallake gawarsa suna ɗibar ruwa, rubutun ƙarshen fim ya hau. Shi ke nan fa. Harbi ɗaya aka yi, Alhaji ya ji ƙararsa, ya juyo da fuskarsa wajena ya ce Hajiya wa ya faɗi? Na dubi mutumin nan da ya riƙe wannan tambaya tun yana da baƙin gashi, na ce bos ne ya faɗi Alhaji, a tsakiyar goshi ya same shi, ga mutanen gari can sun fito suna shan ruwa. Ya ɗaga hannu ya ce alhamdulillahi, na san yaron nan ba zai ba ni kunya ba. Hawaye na bin gemunsa.

Tun a mota ɗana ya fara. Wai na kashe fim, wai duk darajarsa a wannan ƙarshen take, wai daraktan so yake ya nuna ramuwa ba ta ƙarewa sai wani ya yarda ya ajiye makami, wai shi ya sa masana ke girmama shi. Na ce masa masanan su zo su gaya wa uwar yaron haka. Na ce mu a inda muka tashi yaro ba ya mutuwa, in ya mutu a silimar Gusau sai an kwashe kujeru an jefi allo, kuma wanda ya tara mutane awa biyu ya sallame su da mugu a tsaye, ba mai ba da labari ba ne, mai cin amana ne. Ya ce Mama duniya ai haka take, mugaye na cin nasara. Na ce to da na san duniya zan kalla ai da na leƙa taga, wa ya ce sai na zauna gaban talabijin.

Sai abin ya koma guruf ɗinsu na waya, sati biyu ana abu ɗaya, surukata ce ke karanta mini. Rabi sun ce fim ɗin shara ne, ɓata yamma kawai. Rabi sun ce ba a taɓa yin kaboyi kamarsa ba. Wani ɗalibi da ko gemu bai gama haɗawa ba ya rubuta dogon bayani wai rijiyar nan talakawa ce, bos kuma Turawan mulki. Rijiya dai da na gani da idona, da guga da igiya. Wannan duk bai dame ni ba, kowa da haukansa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wata malama da ta rubuta wai a yi wa Hajiya uzuri, ba ta gane fim ɗin ba ne tunda ba ta karanta rubutun ƙasa. Ni? Na gane shi sarai, na gane shi tun kafin ya saki bindigar, daga yadda kafaɗarsa ta sauka. Ganewar ce ma ta sa na ƙi shi. Na aika mata da murya na ce da can da nake ba da labarin fim uwarta ko goyo ba a fara yi da ita ba. Ɗana ya ce na zubar masa da mutunci a gaban abokan aiki, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ya kafe sai na je na gaya wa Alhaji gaskiya, in ba haka ba shi zai je. Ya ce makaho amanar ido ya ba ni.

Da farko ko a jikina. Injiniya ma da kansa ya zo har gida ya durƙusa ya yi mini godiya, ya ce Mama rabon Baba da ya ci abinci da marmari irin na ranar nan an daɗe, don Allah ki bar shi a haka. Na ji daɗi, na ce ga mai hankali. Sai ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa ƙodar Baba ta kusa tsayawa, likita ya gaya musu tun watan jiya, su kuma sun ce masa komai lafiya, ƙarin magani ne kawai. Ya ce kin ga mu ma irin naki muke yi. Wallahi maganar nan ba ta yi mini daɗi ba. Ni labari na gyara, ban ɗauka layi ɗaya muke ba.

Shekaranjiya da hantsi Alhaji ya sa aka kira masa ni a waya. Muka gaisa, ya yi ta dariya yana maimaita yadda bos ya faɗi. Can ya rage murya ya ce Hajiya, ina da roƙo. Ya ce tunda idona ya tafi kowa a gidan nan lallaɓa ni yake, in na yi tambaya sai in ji an yi shiru kafin a amsa, na san shirun nan. Ya ce ke kaɗai ce na tambaya kika ba ni amsa ba ki tsaya tunani ba. Ranar Alhamis za a mai da ni asibiti, ina so ki bi mu, ba sai kin ji Turanci ba, ki kalli fuskar likita da ta ɗana kawai, in mun fito ki gaya mini abin da kika gani. Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa magana ba, na ce Allah ya kai mu.

Fim ɗin nan har gobe ina kan bakana, banza ne, kuma masu yabonsa ku riƙe bayaninku na rijiya, ba shi na zo tambaya ba. Tambayata ita ce, in je gidan kafin Alhamis in ce masa Alhaji yaronka ne ya faɗi, ni na yi maka ƙarya, in ƙwace masa abu ɗaya da ya faranta masa rai a shekarar nan, ya kuma san ni ma cikin masu lallaɓa shi nake? Ko in yi shiru in bi su asibiti? In na bi su kuma, muka fito ya juyo da fuskarsa ya ce Hajiya me kika gani, ɗansa na tsaye yana kallona, me zan ce masa? Masu iyaye a raye da masu jinya, ku nake so ku amsa mini. Yau Talata.