Muryar Baba Kafin Litinin

Seoul, Laraba

Yaya Ok-bun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Kimchin kabejin da kika aiko ya iso, maƙwabtan shagona na kayan kwamfuta a kasuwar Yongsan sun cinye rabi da sunan ɗanɗano.

Litinin za a yi wa Baba aikin maƙogwaro, likita kuma bai ɓoye mana ba: da wuya murya ta dawo. Baba ya ce sai ya naɗi waƙoƙinsa tukuna, kuma a ɗakin naɗin amininsa Kawu Deok-pal kaɗai. Kwamfutar Kawu ta girmi ɗanki. Katin sautinta ba ya aiki sai da tsohon tsarin kwamfuta, manhajar naɗin kuwa ta lalace. Na zauna sake gina ta, sai linka, wato telan da ke ɗinke guntayen manhaja wuri guda, ya tubure, wai akwai sunayen da bai san inda suke ba.

Kawu sai tsiya: "Kai ɗan kasuwa, wannan ba ta jin daɗin baki." Dariya na yi, Yaya, amma kwana biyar kacal suka rage.

Ƙaninki,
Pil-gu

Seoul, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ya mutanen Mokpo?

Ashe ladabi ne ya cuce ni. Wajen jera wa linka guntayen, babba na sa a gaba, yadda muke zaunar da dattijo kafin kowa ya ɗauki cokali. Shi kuwa sau ɗaya yake bin layi, abin da aka riga aka roƙa kawai yake ɗauka. Dole mai nema ya gabaci mai bayarwa. Ina juya jerin, ƙorafin ya watse, saura suna ɗaya da tsohon tsarin bai taɓa sani ba. Nan sana'a ta yi rana: na rubuta ɗan guntu na jabu, na laƙa masa sunan, linka ya karɓa bai ko taya ba, manhaja ta tashi.

Baba ya zo da kwat ɗinsa ta biki. Waƙa uku suka fita sumul. A ta huɗu murya ta tsage, ya ci gaba da ja har ta zama iska. Na kai hannu zan goge mu sake, ya riƙe ni.

"Bar ta, Pil-gu. Ita ma tawa ce."

Kawu ya juya baya, wai yana neman tabarau.

Ki hau jirgin ƙasan safe gobe. Har yanzu yana magana, ki zo ki ji da kunnenki.

Ƙaninki,
Pil-gu