Kashi na Biyu na Bidiyon Baba

Birni, Damagaram
Litinin

Zuwa ga ƙanena Mahamud,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Bintu da yara, da zafin Yamai. Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso ta hannun direba: ordinatar, wato kwamfutarka, da kile, ɗan abin nan da ake zuba bidiyo a ciki, da takardar da ka rubuta mini yadda zan yi. Na kwafe ta da ajami a littafina, don boko yana yi mini gardama in ina sauri.

Maganar gonar Droum tana inda ka bar ta. Nomau ɗan Baffa Ɗanƙarami yana kan bakansa, wai daga gawo zuwa aduwa na mahaifinsa ne. Ka san nan ne wajen da ya fi ba mu gero. Maigari ya sa Juma'a ta sama, kafin shuka, ya ce a zo da bidiyon da ka ɗauki Baba yana zagaya iyaka, shekarar da ya rasu. Dattawa sun ce idanunsu ba sa kai ga hoton cikin waya. Babbar tele ɗaya ce a garin, ta rumfar Mai Nasara inda samari ke buga ƙwallo, kuma ba abin da ke haɗe da ita sai akwatin wasan. Ta nan Baba zai fito. Ban so ba, amma na tambayi Malam, ya ce akwati ba shi da laifi.

Mai Nasara ya shigo birni da akwatin, muka gwada a telen gidanmu. Ya ƙi nuna bidiyon sam. Na bi takardarka na juya shi zuwa MP4, abin ya ci tun hantsi har la'asar. Sai ga Baba cikin shuɗiyar rigarsa yana nuni da sanda, bakinsa na motsi, ba murya. Mai Nasara ya ce ai ko a haka an gane shi. Na ce masa ba fuskarsa ake nema ba.

Ka faɗa mini abin da na tsallake. A gaida Bintu.

Yayarka,
Zakiyya

Birni, Damagaram
Asabar

Ƙanena Mahamud,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin ƙaramar 'yarka? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayanin da ka yi mini a waya ya yi. Ashe wajen murya ne ban mayar AAC ba. Na sake juyawa, murya ta fito tas, har tarinsa. Daga nan kuma kile ya ƙi karɓa, wai bidiyon ya wuce giga huɗu. Na raba shi biyu kamar yadda ka ce.

Kashi na farko ya ƙare a gindin aduwa, inda Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce har nan muke nomawa. Na biyun ka ce in goge, ba kome ciki sai ƙafafu da rairayi, don ka ajiye kamara a ƙasa ka tafi rijiya ba ka kashe ba. Ka san ni, ban taɓa wanke allo ban kai ƙarshensa ba. Na zauna na kalla.

Gaskiyarka, ƙafafu ne: takalman Baba da na Inna, Allah ya jiƙansu. Amma suna hira. Wajen minti ashirin, Baba ya ce mata wannan yankin daga gawo aro ne. Shekarar da Baffa ya tafi cin rani Kano ya bar masa ya noma, da ya dawo bai tambaya ba, shi ma bai mayar ba. Ya ce in sun koma gida zai tara mu ya faɗa. Inna ta ce kullum haka yake cewa. Ya yi dariya.

Sau uku na maimaita wajen, ko kunnena ne. Ban goge ba. Na turo maka shi a waya, ka ji da kanka.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Zakiyya

Birni, Damagaram
Lahadi

Mahamud,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Tun Juma'a nake kiranka ba ka ɗauka, shi ya sa na koma takarda.

An taru bayan an sauko daga masallaci. Dattawa suka zauna a bencinan samari, aka shimfiɗa mini tabarma a gefe. Mai Nasara ya sa kile, ya riƙe abin dannawa hannu biyu kamar zai buga ƙwallonsa. Da Baba ya fito, wani tsoho ya amsa masa sallama.

Aka kalli na farko har aduwa. Nomau ya sunkuyar da kai. Maigari ya soma gyara zama zai yi magana. Tele ta koma inda sunayen kashi-kashin bidiyon suke, biyu, ɗaya bisa ɗaya. Mai Nasara ya waigo ya dube ni.

Na tuna abin da ka ce mini daren Laraba, cewa ba wanda ya tambayi na biyu, kuma yin shiru ba ƙarya ba ne. Na juya maganar sosai, Mahamud, ban raina ta ba. Na san hatsin nan da shi kake tallafar gidaje uku. Amma ni ce na raba bidiyon da hannuna. Baba magana ɗaya ya yi. In na tsaya a nan, ni na yanke masa ita a baki.

Na ce wa Mai Nasara ya danna.

Mutum goma sha wani abu ne suka zauna suna kallon takalma minti ashirin, ba wanda ya tashi. Da aka zo wajen, Maigari ya sa aka mayar baya, aka sake ji. Ya ce daga gawo zuwa aduwa na Nomau ne, aka shafa fatiha. Jiya aka dasa gamba a sabuwar iyaka.

Nomau bai yi murna a gabana ba. Ya rako ni tasha, ya roƙi in sa masa na biyun a wayarsa, wai ya daɗe bai ji wani ya kira sunan mahaifinsa haka ba. Na ce sai na tambaye ka, tunda kai ka ɗauka.

Ordinatar da kile suna wajen direban da ya kawo su. Na farkon da na biyun duka suna cikin kilen.

Ina gaida Bintu da yara.

Yayarka,
Zakiyya