Bargon Mama

Yaya Slavica,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Ni lafiya lau nake a Bovec. Aikin kicin ba laifi, ɗakina ne dai shirunsa ya yi yawa.

Ran hutuna na bi masu yawo cikin kwazazzabon dutse, inda ake sauka da igiya, a yi tsalle cikin ruwa. Kowa da abokin tafiyarsa, ban da ni. Da aka zo tsalle, na ja da baya. Urška, jagorarmu, ta ce, "Haba Blagoja, duk gemun nan, ruwa kake tsoro?"

Sai na tuna bikin Vodici a garinmu Struga, ranar da limamin coci ke jefa gicciye a kogi mu faɗa nema. Na rufe ido na faɗa. Da na ɓullo, hannuna a sama, ina neman gadar da Mama ke jirana a kai da bargo. Dutse kawai na gani, da baƙi suna duba hotunansu.

Urška ta ce, "Wa kake ɗaga wa hannu?"

Na ce, "Ba kowa."

Kada ki gaya wa Mama wannan. Ki ce dai kar ta kyautar da bargon.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Blagoja