Na hana jikata fita rana

Malama, ki taimake ni, ko da yake na daɗe da daina sa rai ga taimakon kowa. Shekara talatin ina koyar da kimiyya. Yau ɗalibaina na wuce ni a mota, a gidana ma an mai da ni rediyon da ba mai saurare.

Ina da jika, shekararta shida, zabiya ce. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Innata nake ce mata. Ƙanena ma zabiya ne, ya yi aikin gini cikin rana har wani miki ya fito masa a kunne, ya zama ciwon daji. Da ya rasu, ni na yi masa wanka.

Likita ya rubuta mata man kare fata daga rana. Da hannuna nake shafa mata kowace safiya. Wata rana da azahar ta ɗauko 'yar butarta ta tsuguna gefena, ta yi alwala yadda nake yi, har da shafar kunne, muka yi salla ta fita wasa. Da la'asar ta dawo fuska da kunnuwa sun yi jajur, kwana uku tana kuka. Na ce man nan ma yaudara ce irin ta zamani. Na sa labule mai kauri, na hana ta fita.

Wata biyu ke nan. Uwarta, surukata, ta ce kurkuku na gina. Yarinyar ta rame, ta daina tsokanata. Jiya na ga ta zana rana a takarda ta manna a bango. Da wane ido zan bar ta ta fita?

Tsohon malami

Baba, sannu da ɗawainiya. Wanda ya yi wa ƙanensa wanka ba a ce masa matsoraci. Tsoronka na da dalili, rana na yi wa fatar zabiya illa sosai. Amma surukarka ma ba ta yi ƙarya ba. Yaro na buƙatar guje-guje da abokai, ga ramar ka gani da idonka.

Man bai yaudare ka ba. Sake karanta wasiƙarka: fuska, hannu, kunne, duk inda ka shafa da safe alwala ta wanke, ga awanni sun shuɗe. Ba a shafa shi sau ɗaya a ce an gama. A shafa da yawa kafin fita, a maimaita bayan kamar awa biyu, da bayan alwala ko gumi. Kada a manta ƙeya, wuya da kunnuwa.

Sama mata hula mai faɗin baki, riga mai dogon hannu da tabarau. Ta yi wasa da sanyin safiya da bayan la'asar, tsakar rana kuwa sai inuwa. A riƙa kai ta wurin likita ya duba fatar, ka kuma faɗa masa batun ramar.

Ajiye man kusa da butarka. In kun idar da salla ka shafa mata, ka koya mata har ta iya da kanta, domin ba kullum kake kusa ba. Ka ce ba mai saurarenka, ga ɗaliba nan tana kwaikwayon har yadda kake shafar kunne. Yau da yamma ɗaga labulen, riƙe hannunta ku fita.

Allah ya jiƙan ƙanenka, ya raya maka Innarka cikin lafiya.