Sauran Labarin Kaka Yana Kanki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Allah Ya raya mana su, Ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Baba ya koma shago tun da ƙafar ta sake shi, Kawu direba kuma yana nan da surutunsa. Kaka ce dai jiki ya ja baya, abinci sai an lallaɓa ta, hannun dama kuma ya fara rawa. Kullum a waya ce miki nake tana nan garau, don kada hankalinki ya tashi. Ki yafe mini wannan, ga wanda ya fi shi nauyi.

Wasu malamai daga jami'a suna bi gida-gida suna naɗar muryar tsofaffin da suka ga shekarar yaƙi, lokacin da aka watse aka bar gari. Sun ce waɗanda suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa, littattafai kuma sunayen manya kawai suka riƙe. Ni da rawar kaina na je na gayyato su, ina ta cika baki cewa Kakarmu ba ta da na biyu wajen ba da labari. Na share falo, na sa mata sabon zane, na ɗora ta a kujerar Baba, suka maƙala mata abin magana a wuyan riga. Yaya, sai ga Kaka ta zama kurma! Duk abin da suka tambaya, amsarta ɗaya ce, wai an sha wuya, Allah Ya kyauta.

Kunya ta kama ni, sai na karɓe zancen. Na ba su labarin yadda suka fito ita da ƙaninta Auta ba ko takalmi, yadda ta goya shi da ɗankwalin uwarsu, har suka iso gadar da ta karye. To daga nan ban san komai ba. Maimakon in yi shiru, sai bakin nan nawa ya ce Auta a ruwan kogin ya rasu. Haka na zata, tunda ba mu taɓa ganinsa ba. Suka naɗa, suka yi godiya, suka tafi. Ina tattara kofuna Kaka ta dube ni, ba faɗa ba tsawa, ta ce, "Ba a ruwa ya mutu ba." Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na roƙe ta ta gaya mini gaskiyar, ta juya fuska bango.

Sai daga baya na gane wautata. Yaushe Kaka ta taɓa ba da labarin nan a kan kujera? Ai sai tana kitso, kan mutum a cinyarta, tsinke a hannu, sannan bakinta yake buɗewa. Ni kuwa kin san gashina, wanda take ce wa gashin ɗan tsako, kafin labarin ya kai gada an gama ni, na zura da gudu wajen wasa. Ke ce mai sumar da ake wuni a kanta. Ke kaɗai kike zama har ƙarshe, ina dawowa in tarar idonki ya yi ja, in yi ta miki dariya wai zafin kitso ne ya sa ki kuka. Da na girma kuma shagon gyaran gashi na koma, in ta fara zancen in ce mata ai mun sha ji.

Shekaranjiya na tsefe kaina na ɗauki tsinke da man kitso, na zauna a gabanta a kan tabarma. Ta yi dariya, ta ce yau kuma me ya kai 'yar gayu ƙasa. Hannun yana rawa amma ta kama, tana kamawa labari ya zo tiryan-tiryan, har da sunayen maƙwabtan da suka faɗi a hanya, waɗanda ban taɓa ji ba. Na yi lamo ina addu'ar gashin ya kai. Muna isa gada ta ɗaure jelar ƙarshe, ta dafa kaina ta ce, "Naki ya ƙare. Sauran yana kan yayarki." Na ce a tsefe a sake, ta ce hannunta ya gaji.

Na je na sami malaman na gaya musu ƙarya na yi. Sun ce za su cire, kuma za su dawo kafin su rufe aikin a ƙarshen wata mai zuwa, amma daga bakinta suke son ji. Na san za ki ce in kira ki ki faɗa mini abin da kika tuna. Ki riƙe shi tukuna, ni na riga na yi magana a madadinta sau ɗaya, ya ishe ni. Ina tsoron ta tafi ya zama abin da aka sani game da Auta shi ne wanda na ƙirƙira a falo. Don Allah ki nemi izini a wurin aiki ki zo, ko na kwana kaɗan ne.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan 'yan biyu, ki gaishe da Goggo idan kin leƙa ta. Baba da Kawu suna gaishe ki. Kaka ma tana gaishe ki, ta tambaya ko sumar tana nan. Na ce tana nan. Kada ki yi kitso, Yaya, ki zo da shi a tsefe.

Taki ƙanwa,
Mai gashin ɗan tsako