Noelie Ta Tafi Bahrain

Houma, Louisiana

Zuwa ga Yayana Alcide,

Gaisuwa da girmamawa daga ƙanwarka Zelma. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, ya ƙara maka ƙarfi da nisan kwana. Mu nan lafiya. Inna Doucette, ƙanwar Mama, tana ci tana sha, tana zagin likitanta. Guguwar bana ta tsallake mu, amma jatan lande ya faɗi warwas a kasuwa, ina dai buɗe rumfa ne don kada ƙanƙara ta narke a banza.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yarka Noelie, 'yar wajena. Ta tafi Bahrain, shekara guda, gyaran injin jiragen ruwa na sintiri. Ka tuna ni na janye ta daga hannun masu ɗaukar soja, na tura ta rundunar tsaron gaɓar teku. A tunanina na cuci gwamnati: kaki nasu, albashi nasu, yarinya kuma tawa, duk Lahadi tana gabana tana shan miyar kuɓewa. Har gori na yi wa matan kasuwa da aka kwashe 'ya'yansu zuwa hamada. Sai ga ta wata Lahadi, ta ce umarni ne daga sama, ba yadda za ta yi. Muka zauna muka wanke gwamnati tas, har ta fi ni iya zagin.

Ana gab da tafiyarta, wani abokin aikinta, Dontrell, ya zo sayen jatan lande. Yaro ne mai baki kamar rediyo. Ya ce lallai na haifi 'ya, domin ranar da aka nemi masu son zuwa, ba a rufe baki ba Noelie ta ɗaga hannu, har suna tsokanarta ko wani ta ajiye a can. Yaya, ni da nake gane kifin jiya tun yana cikin mota, ni 'yar cikina ta sayar wa ruɓaɓɓe a kan teburina, na ci har da suɗe hannu. Na jira in ji zafi, ban ji ba. Na auna masa kayansa, na ƙara masa gyara, na ce ya gaida mutan gida. Har yau zafin bai iso ba. Ina ci, ina barci, ina ciniki, kamar wata na ɗauka haya take yi min.

Ban nuna mata na sani ba. Ranar tafiya na kai ta filin jirgi a New Orleans. Da muka isa inda ake tsayar da 'yan rakiya, ta ajiye jaka, ta riƙe hannuna, ta ce akwai maganar da ba ta so ta haye ruwa da ita. Ka san dokar gidanmu: ba a kallon mai shiga teku har ya ɓace, juya baya ake yi a koma a ɗora tukunya, in dai ana so ya dawo. Haka Mama ta riƙa yi wa Baba har ya ajiye komar kamun kifi. Sai na zare hannuna, na ce mata jirgi ba ya jiran kowa, na juya. Na ji tana kirana, ban waiwaya ba. Ita za ta ce tsohuwa ce da camfinta. Ni kuwa na san lokacin juyawar bai yi ba tukuna.

Tun da ta sauka ba ta kira ni ba, saƙo kawai ta turo cewa ta isa, garin akwai zafi. Na san kai za ta nema, tun tana ƙarama ba ta iya ɓoye wa kawunta komai. To ga roƙona. In ta faɗa maka gaskiya, ka saurare ta, ka sa mata albarka, amma kada ka ce mata na sani, kada kuma ka zuga ta ta faɗa min. Muddin umarni ne, ƙwace min ita aka yi, kuma in sun gama da ita za su maido min. Wanda ya tafi da ƙafarsa kuwa, kai ka fi kowa sani. Ranar da ka kama hanyar Alaska, ai damina ɗaya ka ce mana za ka yi.

Ka gaida min matarka Ardis, da Remy da ƙannensa. Inna Doucette tana gaishe ka, ta ce ka aiko da hoto ta ga ko har yanzu za ta gane ka. Allah ya tsare na kan ruwa da na kan tudu.

Ni ce ƙanwarka,
Zelma Verret