Yayana Ya Mai Da Gonar Surukina Allon Talla

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, in sunan ya fito ko makaho ma zai laluba ya gane gidan. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma ya san zagi ne a bakinsa ya riƙe abinsa, takaicin da nake ciki ma ya ishe ni.

Ni 'yar Rano ce, aure ne ya kai ni Durba ta Kibiya. Muna zaune a babban gida tare da mahaifin maigidana, wanda kowa yake kira Baba, har sa'anninsa. Baba ba mai kuɗi ba ne, ba liman ba ne, ba mai unguwa ba ne, manomi ne kawai, amma irin tsofaffin nan ne da in sun ce abu kaza ne to an gama magana. In ruwan farko ya sauka mutanen unguwa ba sa fita shuka sai sun ga Baba ya saɓa sungumi, in ya ce wannan ruwan na yaudara ne a dakata, kowa sai ya dakata. Gonarsa kuma a bakin hanya take, duk mai zuwa kasuwa, a babur ne ko a ƙafa, sai ya bi ta gabanta. Ni kuwa tun da na shigo gidan bai taɓa kiran sunana ba, 'yar Rano yake ce mini, kuma ko maigidana bai isa ya ɗaga mini murya a gabansa ba.

Sai yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shagon kayan noma a Rano, taki, maganin feshi, iri, da sauransu. Ba zan ci amanar gaskiya ba, tun da mahaifinmu ya rasu shi ne riƙe da gidanmu, shi ya yi mini kayan ɗaki, kuma har yau shi yake sayen maganin hawan jinin Innarmu. Wata shekara ya je wata bita ta 'yan kasuwa a Kano, ya dawo da baki cike da turanci, komai sai ya ce halayyar kwastoma, halayyar kwastoma, har muka sa masa Farfesa muna dariya. Yakan ce mutum ba kaya yake saye ba, abin da ya gani a hannun wanda yake girmamawa shi yake saye. Yakan ce in ka karya farashi sai a raina kayanka, tunda mu da kanmu muke cewa araha ba ta ado, gara ka tsawwala sai a ce lallai mai kyau ne. Ko kwali nawa ne a sito, fakiti kaɗan yake ɗorawa a kan kantar shagon, in mutum ya zo ya ce masa ka yi sa'a saura waɗannan. Duk muna ji muna gani, mun ɗauka wayon kasuwa ne irin wanda kowa yake yi.

Bara waccan, gab da damina, na je gida sai ya ba ni irin masara a cikin wata leda mai sheƙi, da hoton ƙaton goyon masara a jiki da rubutun turanci, irin kuma jajir da shi. Ya ce in kai wa Baba kyauta, ai suruki uba ne. Wallahi har ƙwalla na yi don daɗi, na ce yau ɗan'uwana ya fitar da ni kunya a gidan miji. Baba ya shuka, masara ta yi abin da ba a taɓa gani ba a wannan yanki, kara goyo biyu, ganye har baƙi-baƙi yake don kyau. Masu babur su tsaya su ɗauki hoto, kowa ya tambaya Baba ya ce irin ɗan'uwan 'yar Rano ne, ga shagonsa can. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan magana ba, shi a ganinsa alheri yake nuna wa mutane.

Bara kuwa mutane suka yi ta tururuwa zuwa shagon Yaya. Shi ma ya sake aiko wa Baba da kyauta ta hannuna, gonar Baba ta sake yin kyau, amma ta sauran jama'a sai a hankali. Ba wai ba ta fito ba, ta fito, sai dai giɓi-giɓi, wata doguwa wata gajera, goyon ma ƙanana. Abin da zai ba ku mamaki, ko mutum ɗaya ban ji ya zargi irin ba. Wannan ya ce ruwan da ya ɗauke a tsakiyar damina ne, wancan ya ce takinsa ne bai isa ba, wani ya ce ai Baba hannunsa ne mai albarka. Akwai maƙwabcinmu Malam Buba, Bafulatani ne da shanunsa suka ragu ya zauna ya kama noma, matarsa ƙawata ce. Da ya ga abin da ya girba sai ya yi dariya ya ce ai dama Bafulatani da fartanya sai a hankali, laifinsa ne, bana zai gyara. Ni ma na taya shi dariyar, don ban san komai ba a lokacin.

To a bazarar nan Inna ta kwanta ciwo, na je Rano jinya. Da ta ɗan samu sauƙi sai na leƙa gidan Yaya in gaishe da matarsa, ban yi waya ba, tunda gidan ɗan'uwana ne. Ina shiga na tarar da tsakar gida an baza tabarmi, masara shanye a kai jajir. Ga buhunan masara irin wadda ake awo a kasuwa a yi tuwo, ga baho, matar Yaya ta naɗe hannun riga tana cuɗa masarar da jar kala irin ta masu alawa, hannunta kamar ta ƙunsa lalle. A gefe ga injin liƙe leda, ga tarin ledojin nan masu sheƙi da hoton ƙaton goyo. Da ta gan ni sai ta daburce, daga baya kuma ta saki jiki ta ce ai ke 'yar gida ce, zo ki kama mini. Na ce mene ne wannan, ta ce iri ne mana. Sai ta nuna mini wani kwali daban a lungu, ta ce wancan kada ki taɓa shi, shi ne na gaskiya daga kamfani, juye shi ake yi a ledarmu, na Baba surukinki ne da wasu tsofaffi masu gona a bakin titi, ɗaya a Fammar, ɗaya a wajen Rurum. Tana faɗa tana dariya kamar labarin biki take ba ni. Wallahi sai kawai na fice waje na bar ta.

Na jira Yaya ya dawo cin abincin rana na tare shi. Na zaci zai ji kunya, ko ya yi musu, ko ya ce sharrin shaiɗan ne. Ko ɗaya bai yi ba, loma yake kaiwa yana yi mini karatu. Ya ce shi bai taɓa ce wa kowa ga sunan kamfani ba, ledarsa ce, masara kuma masara ce, ai tana fitowa. Ya ce manomi in bai ga ja a jikin iri ba ba ya yarda an sa magani, to shi ja ya ba su, abin da ransu yake so ya sayar musu. Na ce to Baba fa, da ka mai da shi allon talla bai sani ba. Ya ce Baba me ya rasa, ba rumbunsa ne ya cika ba. Maganar da ta fi ƙona mini rai har yau ita ce da ya ce:

"Ke ba ki san mutane ba. Wanda ya sayi abu da tsada ba ya yarda an cuce shi, sai ya nemo wa kansa laifi. Muddin gonar tsohon nan tana bakin hanya, ba mai zargina."

Tsohon nan. Mutumin da in Yaya ya zo Durba sai ya cire takalmi tun daga zaure ya durƙusa ya gaishe shi. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa zaton zan faɗa wa yayana ba, na ce wannan ba kasuwanci ba ne, sata ce da aka sa wa kala, gara ɓarawon da ya haura katanga, shi ko ba komai ba ya barin ka kana zargin kanka. Shi ma ya hau, ya ce in na isa in je in faɗa, amma in tuna da wannan kalar ake sayen maganin Inna, kuma ranar da na tona shi in nemi wani yayan. Matarsa tana daga ɗaki tana cewa dama wasu in sun yi aure sai su manta nonon da suka sha.

Na koma wajen Inna na gaya mata komai. Ta yi kuka, ta ce abin da yake yi ba daidai ba ne kuma za ta yi masa faɗa, amma in rufa mata asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in maganar nan ta fita har hukuma za ta iya shigowa, ita kuma ba za ta iya ganin ɗanta a hannun 'yan sanda ba. Faɗan ta yi masa, na sani, shi kuma ya ce mata to, amma da na sake bi ta gidan kafin in taho tabarmin suna nan a shimfiɗe. Da zan tafi ma sai ya aiko mini da ledar Baba ta bana, na ce ba zan ɗauka ba. Ashe bai dame shi ba, ya ba wani mai babur ya kai, kafin in iso gida har Baba ya karɓa yana ta sa albarka.

Maigidana ban gaya masa ba. Na san halinsa, mutum ne mai haƙuri amma a kan mahaifinsa ba ya ji ba ya gani, in ya ji Rano zai nufa kai tsaye, kuma Allah kaɗai ya san abin da zai faru a shagon nan. Bayan haka ina tsoron kallon da za a yi mini a gidan, domin ni ce na ɗauko ledar da hannuna har sau biyu, wa zai yarda ban sani ba. Ya lura na rame, yana ta tambaya, ina cewa jinyar Inna ce. Na yi tunanin in bi ta bayan gida in ce wa matar Malam Buba su sayi iri a wani wuri, to in ta ce don me fa, in ce mata me. Kuma in na tsare gida ɗaya, sauran gidajen fa, da mutanen Fammar da ban ma san su ba. Na yi tunanin in sake zuwa in roƙi Yaya ya sayar da na gaskiya ko da bana kaɗai, amma mutumin da ya ce wa uwarsa to ya ci gaba, ni wace ce.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da ya faru jiya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa yana shirin shuka. Na kai wa Baba fura a zaure na tarar da shi da mutanen unguwa, har da Malam Buba, wanda matarsa ta gaya mini ya sayar da tunkiyarsa mai ciki don bana ya sayi irin da yawa. Wani daga cikinsu ya ɗan nuna shakka saboda abin da ya gani bara. Sai Baba ya kira ni, ya ce in matso, ya ce a gabansu:

"'Yar Rano, ki gaya wa yayanki ranar kasuwa zan kawo masa mutanena da kaina, ya ajiye mana. Na ce musu ɗan gidan mutunci ne, jininki ne. In irin nan bai yi ba, kada su nemi kowa, ni za su riƙe."

Na durƙusa a nan da ƙwarya a hannu na ce to Baba. Wannan to ɗin ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa, kuma tun jiya nake jin ƙyamar bakina.

Jama'a ranar kasuwa ta kusa. In na yi magana na rasa yayana, wataƙila in rasa Inna ma, don ban san ko jininta zai ɗauka ba. In na yi shiru, tsohon da ya shekara da shekaru yana tara mutuncinsa zai ja maƙwabtansa da ƙafarsa ya kai su a yanka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da abin ya fashe ba sunan Yaya za a kira a Durba ba, sunan Baba za a kira. Shin in fara gaya wa maigidana ne in jure abin da zai biyo baya, ko in samu Baba shi kaɗai in faɗa masa, ko akwai wata hanyar da ban hango ba? Masu ilimin addini ku gaya mini, shirun nan da nake yi, ina cikin alhakin ko ba na ciki? Kuma wanda zai ce in je in faɗa, don Allah ya haɗa mini da yadda zan fara, domin ni dai ban san da wane baki zan kalli Baba in ce masa gidan mutuncin da ya yi rantsuwa da shi a gaban mutane, wato gidanmu, shi ne ya sayar da mutuncinsa ba.